Bayan Labulen Shagon Yua

"Ga shagon can, mai koriyar ƙofa," in ji Mastura, tana nuni da haɓa ta gilashin tasi. "Ki shiga ki gani da idonki, kar ki ce sharri na yi masa."

Lubabatu ta sauka. Ranar bayan azahar ta dake ta har cikin abaya. Ta juyo tana jiran ƙawarta ta sauko, sai ta ga Mastura ta ja ƙofa, wai akwai amarya tana jiranta a salun. Tasi ta wuce, ta bar ta ita kaɗai a wani lungu na Aziziyya da ba ta taɓa shiga ba.

A Mahjar, wata unguwa a birnin Jidda, aka haifi Lubabatu, a nan ta girma. Iyayenta mutanen Damagaram ne, sun zo aikin hajji bayan babban farin da ya cinye dabbobinsu, suka zauna. Mahaifinta Maman Lawali ya rasu tana budurwa, ya bar ta da Inna Mairo da yayanta Hamidou. Lalle take yi wa amare, kuma hannunta ya yi suna. A shekarar 2003 da wannan abu ya faru, duk Mahjar an san Musbahu ɗan Maradi, mai tuƙa motar raba burodi, shi ne ya kama zuciyarta. Har ya tura manya gaisuwa. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Sai dai kwanan nan Musbahu ya yi wuyar gani. Daga azahar wayarsa a kashe. In ta tambaya, ya ce aiki ne ya yi yawa. Mastura ce ta kawo labarin cewa ba wani aiki, kullum yana wani shagon abinci na 'yan Cana, wato mutanen Sin, kuma akwai wata farar yarinya a ciki.

Ta tura ƙofar sashen iyali, ta ɗaga labule.

Ƙamshi ne ya fara tarbar ta, na romon da ya daɗe a wuta, da citta, da wani ganye mai kama da lemun tsami. Wurin ɗan ƙarami ne, tebura kaɗan, fanka tana juyawa a hankali. A bango an rataye wani zane mai ɗinkin hannu, da duwatsu da kogi da mutane ƙanana a jere. A ƙarshen ɗakin akwai 'yar taga da ake miƙo abinci daga kicin.

Ta tagar ta gan shi.

Ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, yana tsaga dogon burodi da wuƙa. Kusa da shi wata matashiya ce, fara, mai ƙananan idanu, tana gyara masa riƙon wuƙar. Ta faɗi wani abu, ya yi dariya. Irin dariyar nan tasa da Lubabatu ta ɗauka tata ce ita kaɗai.

Ba ta san lokacin da ta isa bakin tagar ba.

"Ashe nan ne aikin?"

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

"Luba...? Wa ya kawo ki nan?"

"Ƙafafuna."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai kiran sallar la'asar ya tashi daga masallacin lungun. Wani dattijo mai farar hula ya leƙo, ya ce yalla, za a ja ƙofa. Musbahu ya roƙe ta don Allah ta zauna, kar ta tafi sai ya dawo. Maza suka fita, aka sauke ƙofar ƙarfe daga waje kamar yadda ake yi lokacin salla. Ko da tana son tafiya, hanya ta rufe.

Sai ga wata 'yar gajeruwar mata ta fito daga kicin, fuskarta duk tamoji, da farin mayafi. Ta dubi Lubabatu sama da ƙasa, ta ja mata kujera, ta ce da Larabcinta mai karyewa, "Zauna, 'yata. Mai fushi ma yana cin abinci."

Bayanta matashiyar nan ce ta fito, tana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Kantar kicin ce ta ɓoye abin da yanzu ya fito fili: ciki ne da ita, tsoho, haihuwa yau ko gobe. Ta ce sunanta Nur, mijinta yana cikin waɗanda suka tafi masallaci yanzu. Kunya ta rufe Lubabatu har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta fara jin sanyi a ranta, tana shirin yi wa kanta dariya, sai Nur ta kama hannunta da murna.

"Ke ce Luba? Kullum zancenki yake. Ke ce za ki bi shi Afirka bayan hajji?"

Lubabatu ta dube ta.

"Afirka...?"

Murmushin Nur ya ɓace. Tsohuwar, wadda ashe uwarta ce, ta yi mata wata gajeruwar magana da yarensu, Nur ta koma kicin sum-sum.

Tsohuwar ba ta ba Lubabatu haƙuri ba, ba ta kuma kare Musbahu ba. Ta shiga ta fito da kwano mai faɗi yana tururi. Farar taliyar shinkafa ce kwance a cikin romo garai-garai, da yankan nama siri-siri a sama. A gefe ga faranti cike da ɗanyen ganye, ɗoɗɗoya da na'a-na'a da tsiron wake, da ɓarin lemun tsami, da jan barkono dakakke. Ta nuna mata yadda ake yi: a tsinka ganyen da hannu a zuba, a matsa lemo, barkono kuwa kowa da ƙarfinsa. Da ta ga Lubabatu tana kallon tsinkayen nan biyu da suke ci da su, ta kawo mata cokali.

Lubabatu ta kurɓa don kar ta yi rashin kunya. Romon ya sauka a hankali, da ɗan zaƙi, da ɗan tsami, zafin barkono ya biyo daga baya. Tun safe ba ta ci komai ba. Ta sake kurɓa. Can ta ga hawaye yana ɗiga a cikin kwanon, ta ce barkono ne. Tsohuwar ta ce e, barkonon nan yana da ƙarfi, ta tura mata kofin shayi mai launin lemo, da madara da ƙanƙara.

Ta ce a unguwa Ummu Nur ake kiranta, amma sunan da uwarta ta sa mata Yua. Ita ba 'yar Cana ba ce. Mutanensu Hmong ake ce musu, ta faɗi sunan kamar ta hanci, kuma a kan duwatsun Laos aka haife ta. Yaƙi ya kore su tana budurwa. Ta nuna zanen da ke bango, ta ɗora yatsa a kan kogin: nan suka tsallaka zuwa Thailand, suka zauna a sansani. A can ta haɗu da mai dafa abincin nan mai farar hula, Musulmi, ta musulunta ta aure shi, aiki ya kawo shi Jidda ta biyo shi. Danginta jirgi ya kwashe su zuwa Amurka. Shagon a takarda na kafilinsu ne, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, amma tukunyar tata ce.

Lubabatu ta tambaye ta ko ta taɓa yin nadama.

Yua ta ci gaba da tsinke ganye.

"Wasu ranakun," ta ce. "Ranar da uwata ta mutu, ban ji ba sai da aka binne ta. Ranar na tsani mijina, na tsani garin nan. Washegari na tashi na ɗora romo." Ta ɗaga kafaɗa. "Ba zan ce miki ki tafi ba. Ba zan ce ki zauna ba. Duka biyun akwai ciwo."

Aka ɗaga ƙofar ƙarfe. Musbahu bai shigo sashen iyali ba, ya tsaya a bayan labule, ƙafafunsa kawai take gani. Daga nan ya faɗa mata komai. Idanun mahaifinsa sun mutu, shi ne babba a gida, ƙannensa mata ne. Kwantiraginsa zai ƙare bayan hajji, kuma ba zai sabunta ba. Ba ya son ya koma Maradi da tuƙi kaɗai a hannu, shi ya sa ya roƙi Ummu Nur, wadda yake kawo wa burodi, ta koya masa sana'arta, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ƙafafun suka motsa.

"Tsoro, Luba. In na faɗa, dole ki zaɓa. Ni kuma ban tabbata ni za ki zaɓa ba."

"Ka san ban taɓa taka ƙasar nan ba? Hausar ma da nake yi, abokanka dariya suke mini. Kuma in na fita, shi ke nan, an soke iƙamata, takardar zamana a nan. Garin da aka haife ni, sai dai in dawo masa baƙuwa da bizar umra."

"Na sani, sanyin idona. Shi ya sa bakina ya yi nauyi."

Ta ce ya ba ta hanya. Ya matsa, ta fita ba ta dube shi ba.

A gida ta tarar labari ya riga ta isa. Mastura ta biyo ta wajen Inna, ta zayyana mata cewa Musbahu Nijar zai koma. Ashe ta san gaskiyar tun farko, zancen farar yarinya ƙari ne. Inna Mairo tana zaune a kan darduma, ta ce magana ta ƙare. Ita ta san abin da ta baro a can. Ta ga rijiya ta ƙafe, ta ga shanun ubanta a zube bakin hanya, ba ta ɗauko cikin Hamidou ta ƙetaro duniya don 'yarta ta koma ba. Ga Abdulghaffar yayan Mastura, yaro natsattse, haifaffen nan, yana aiki a kantin magani, ya daɗe yana so. Ba za ta tilasta mata shi ba, amma Maradi kam, ba da yawunta ba.

Da Lubabatu ta tare Mastura a salun, ta zaci za a yi faɗa. Sai Mastura ta zauna a kan kujerar wankin kai ta fashe da kuka. Ta ce e, tana son yayanta ya samu. Amma ba shi ne babban dalilin ba.

"Tun muna yara ke ce kawai nake da ita. In kin tafi, wa zan kira?"

Lubabatu ta tsaya da fushinta a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai miƙa mata mayafinta ta share fuska.

Makonni suka shuɗe ba ta ɗaga wayar Musbahu ba. Tana zana lalle a hannun amare, tana kallon garin kamar wadda aka ce ta haddace shi: ƙamshin ful da tamis, waken da burodin da ake karyawa da su da safe, iskar teku mai ɗanɗanon gishiri, kabarin babanta da Hamidou yake ziyarta ya dawo ya ba su labari. Ta gwada tunanin zama da Abdulghaffar. Ba shi da aibu ko ɗaya. Amma duk abin dariyar da ya faru a salun, sai ta ji tana adana shi don ta ba Musbahu, sannan ta tuna.

Ran nan ta sami Inna tana tsintar shinkafa, ta durƙusa a gabanta.

"Inna, na yi istihara, na yi tunani. Shi nake so, ko ina zai zauna. Amma ba zan taka ko'ina ba sai kin sa albarka. Abu ɗaya nake roƙo, ki zo ki ga abin da yake koya."

Inna ta ce ita ba ta cin abincin da ba ta san wanda ya yanka ba. Hamidou, wanda bai cika sa baki ba, ya ce mijin matar a sahun gaba yake salla, shi ya gan shi. Da ƙyar ta yarda, wai don dai a daina damunta.

Ranar Alhamis da hantsi suka je. Inna ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, kamar mai jiran a kira ta a asibiti. Yua ta fito da jaririyar Nur a kafaɗa, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba ta ɗora mata ita a hannu, ta koma kicin. Dole Inna ta ajiye jaka.

Romon dai ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce wannan ai ruwan zafi ne da ciyawa, in mutum ba shi da lafiya sai a ba shi. Aka kawo wani abin sha na madarar kwakwa mai sanyi, da 'yan ƙwallaye kore da ja masu santsi a ciki. Ta juya shi da cokali cikin zargi, ta ɗanɗana, ta ce yara za su so shi. Kafin a ankara ta kai rabin kofi.

Sannan Musbahu ya yi sallama daga bayan labule, Hamidou ya ce ya shigo. Ya rame. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna, ya ajiye faranti a gabanta, ya ce wannan da hannunsa ya yi. Sandawish ne na dogon burodi mai ƙamas-ƙamas, an cika shi da gasasshiyar kaza, da karas da aka jiƙa a ruwan kal mai tsami, da kokwamba, da ɗanyen ganye. Inna ta gutsura kaɗan don ta fita hakki. Ta tauna. Ta tsaya. Ta buɗe burodin ta leƙa ciki, ta dangwali wani jan gari da yatsa ta kai harshe.

"Wannan yajin ƙuli ne."

"E, Inna. Mahaifiyata ce ta daka, ta aiko wani alhaji da shi. Ummu Nur ta ce in zan sayar wa mutanenmu, in sa abin da bakinsu ya sani."

Inna ba ta ce ya yi daɗi ba. Ta cinye shi tas, a hankali, idonta a kan zanen bango. Da Yua ta zo karɓar jaririya, Inna ta tambaye ta mutanen nan da ke jere a bakin kogi ina za su. Suka shiga hira da Larabcinsu, wannan nata a karye, waccan nata a karye, suna cikawa da hannu. Lubabatu ta ji Inna tana kwatanta mata yadda suka kwana a kan buhuna a bayan babbar mota, Yua tana gyaɗa kai kamar tana wurin. Rabon da ta ji uwarta ta yi magana mai tsawo haka, tun babanta yana da rai.

Kafin su tashi, Inna ta juya ga Musbahu. Ta tambaye shi ko gidansu akwai famfo, ko asibiti yana kusa, ko mahaifiyarsa mai faɗa ce. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara gishiri ba. Ya ce famfo sai a makwabta, wuta tana zuwa tana tafiya, mahaifiyarsa kuma tana da faɗa amma ba ta riƙo. Ya ce ba zai yi alkawarin daɗin Jidda ba. Abin da zai iya, ba zai sake ɓoye wa Luba komai ba, ko mai ɗaci ne.

Inna ta ce Allah ya yi albarka, irin wadda ake yi wa kowa, suka tafi.

Kwanaki ba ta ta da zancen ba. Sai wata safiya, Lubabatu tana taje mata kai, ta ji ta ce, kamar da bango take magana, daga Maradi zuwa Damagaram ai ba nisa, mota tana zuwa a yini. Tana da ƙanwa a can, Aissa, da ta baro tana 'yar yarinya. Yanzu an ce har ta yi jikoki.

Hannun Lubabatu ya tsaya a cikin gashin.

"In kin je," in ji Inna, "ki nemo ta. Ki zauna kusa da ita ta gan ki da kyau. Kamarmu ɗaya da ke, za ta ga kamar ni ce na dawo."

Lubabatu ta kifa kai a bayan uwarta. Inna ta ce ta daina jiƙa mata riga, ta ƙarasa kitson.

An ɗaura aure a Mahjar bayan babbar salla. Mastura ce ta zana wa amarya lalle, tana yi tana jan hanci, kuma duk wanda ya gani ya ce ba ta taɓa yin mai kyansa ba. Inna ba ta raka su filin jirgi ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce su tafi kar su makara.

A layin shiga jirgi, alhazai ne maƙil da jarkokin zamzam da manyan jakunkuna, ko'ina Hausa ke tashi, irin wadda ba a gauraya ta da komai ba. Ma'aikaci ya buga hatimi a fasfonta ya miƙo mata bai ko ɗago ba. Musbahu ya karɓi jakarta ya haɗa da tasa, ya tambaye ta a hankali ko lafiya. Ta ce ba lafiya ba, amma ya riƙe hannunta.

A cikin jirgi wata tsohuwar hajiya ce a gefenta, da haƙorin Makka sabo fil. Ta dubi lallen, ta dubi ango, ta yi murmushi.

"Amarya, gida za a koma ke nan?"

Lubabatu ta leƙa taga. Jidda tana can kwance a bakin teku, fara, cikin rana. Ta ji Musbahu yana jiran abin da za ta ce.

"E, Hajiya, gida," ta ce. "Sai dai ban taɓa zuwa ba."

Tsohuwar ta yi dariya, ta dafa mata gwiwa.

"To ki yi barcinki, 'yata. In mun iso zan tashe ki."